Fitilar Mota Ta Dushe Ko Ta Yi Rawaya: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Mota a Legas

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa masu mota a nan Legas: masu jigilar tumatir da albasa zuwa Mile 12, matasa masu haya da Bolt da Uber, da iyayenmu masu motar gida a Agege, Idi-Araba da Obalende. Kusan kowa kuka ɗaya yake yi. An goge masa fitila ta yi fes, bayan 'yan watanni ta koma gidan jiya, wani lokaci ma ta fi da muni. Dalilin haka da maganinsa su ne suka cinye mafi yawan amsoshin.

Kullum ana wanke motata, me ya sa fitilun gaba suka yi rawaya?

Domin abin da muke kira gilashin fitila a motocin yanzu roba ce. Tsofaffin motoci irin su Fijo 504 da gilashi na gaske suka zo, shi ya sa za ka ga jikin motar ya ruɓe amma fitilar tana nan garau. Daga wajen shekarun 1990 kamfanoni suka koma amfani da wata roba mai tauri da ake kira polikabonet. Ba ta da nauyin gilashi, ba ta tarwatsewa in dutse ya buge ta, kuma ana iya lanƙwasa ta a fitar da kowace irin siffa. Aibinta shi ne ba ta jure rana. Hasken UV, wani haske da ido ba ya gani da ke cikin rana, yana cin ta, saboda haka tun a masana'anta ake lulluɓe ta da wani siririn rufi mai tauri marar launi.

Wannan rufin ne yake mutuwa a hankali. Rana ta gasa shi daga waje, zafin ƙwan fitila ya taso daga ciki, yashi da ƙurar hanya su yi ta kankararsa, omo mai kaifi ya ƙarasa aikin. In ya tsufa sai ya tsattsage ya yi rawaya, in ya ɓare kuma robar da ke ƙasa ta shiga hannun rana kai tsaye. Wanki ba ya taɓa wannan, domin fatar fitilar ce da kanta ta lalace. Ka duba motarka: saman fitila ne ya fara dushewa, wato inda rana ta fi duka.

Legas kuwa digiri 6 da rabi kacal take arewa da layin ikwaita, rana tana dukanta da ƙarfi duk shekara. Ga shi yawancin motocin tokumbo da ake saukewa a Apapa da Tin Can sun riga sun yi shekaru a Amurka ko Kanada, rufin fitilarsu ya ci rabin rayuwarsa kafin su iso hannunmu.

Muni ne kawai, ko da gaske hasken yana raguwa?

Yana raguwa, raguwa mai ban tsoro. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka dushe, ta samu cewa kashi 22 cikin ɗari kawai na hasken sabuwar fitila suke fitarwa. Da aka goge su aka gyara, hasken ya dawo kusan kashi 70. Abin da ke sa mutane ba sa ganewa shi ne lamarin a hankali yake zuwa, kamar yanar ido: mai ita yana sabawa da duhu har ya ɗauka haka dare yake.

A cikin gari, da gosulo da fitilun titi da na motocin gaba, ba za ka ji a jikinka ba. Sai ka fita hanyar Ibadan da dare, ko tsakanin Jebba da Mokwa, inda tirela kan mutu a kan hanya ba alama sai ganye. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. In fitilarka mita 30 take nuna maka, ba ka da ko sakan biyu tsakanin gani da isa. Kuma dusashshiyar fitila ba kai kaɗai take cuta ba, tana watsa haske ko'ina ya shiga idon mai tahowa.

Ta yaya zan gane ko lalacewar a waje take ko a ciki?

Wanke fitilar, ka shafa ta da yatsa. In ka ji kaushi, a waje ne. Sai ka watsa mata ruwa: in ta yi garau tana jiƙe, ta koma dushe da ta bushe, to gogewa za ta yi mata magani. In waje sumul ne amma kana ganin hazo, tabon ruwa ko ƙura daga baya, matsalar tana ciki, sanfefa ba ta da abin yi a nan. Akwai na uku, ƙananan tsage masu ƙyalli da suka nutse cikin robar, waɗanda suka fi fitowa in an kunna fitila da dare. Waɗannan ba sa goguwa.

An ce makilin yana gyara ta. Gaskiya ne?

Da ɗan gaskiya. A cikin man goge haƙori akwai gari mai laushi da ke kankare datti, zai cire ɗan rawayan da ke sama-sama. In fitilar ta fara dushewa ne kawai kuma tafiyar dare ta kama ka gobe, ka yi, ya fi babu. Amma ba ya isa inda lalacewar ta yi zurfi, kuma ba ya barin wata kariya. Haka ma lemon tsami da bakin soda.

Wani yaro a wurin wankin mota ya shafa mini man birki, nan take ta yi ƙyalli. In ci gaba?

Don Allah ka daina. Ƙyallin da ka gani maiƙo ne ya cike ƙananan ramukan da ke fatar robar, ruwan sama ɗaya zai tafi da shi. Man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a bamba ko bonet zai bar tabon da sai mai fenti. WD-40 da man gyaɗa su ma ƙyallin kwana biyu ne, ƙura kuma ta zo ta manne.

Waɗanda suka fi haɗari su ne tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi), fetur, ruwan goge jan farce da maganin sauro na shafawa. Suna narkar da polikabonet ko su sa ta tsattsage daga ciki. Fitilar da sanfefa za ta iya cetowa, da zarar tina ya ratsa ta sai dai a nemi wata. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

To yaya ake goge ta yadda ya kamata? Zan iya yi da kaina?

Za ka iya, in kana da haƙuri. Kayan aikin ba su da yawa: sanfefar ruwa mai lamba daban-daban, salatif na takarda irin na masu fenti, gorar fesa ruwa da aka ɗiga wa sabulu kaɗan, tsumma mai laushi mai tsabta, da abin da za ka rufe fitilar da shi a ƙarshe. Duk ana samunsu wurin masu sayar da kayan fentin mota a kasuwar Ladipo ko a kasuwar ASPAMDA da ke Trade Fair. Kada ka fara aikin sai abin rufin yana hannunka.

Ka ajiye motar a inuwa, fitilar ta huce. Ka wanke ta, ka zagaye gefenta da salatif ninki biyu ko uku, domin sanfefa ba ta san bambancin roba da fenti ba. Ka jiƙa sanfefar cikin ruwa na 'yan mintuna.

Lambar sanfefa, in ta yi ƙasa kaushi ne, in ta yi sama laushi ne. Fitilar da ta yi rawaya sosai a fara mata da 600, in tsohon rufin ya yi taurin kai a sauko 400. Wadda ba ta yi nisa ba, 800 ko 1000 ya isa. Ka riƙa gogawa a miƙe, dama da hagu, kana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da zai fara gangarowa rawaya ne, wato mataccen rufin ke fita. Ka ci gaba har ya koma fari kamar madara. A nan ne gaban mutane ke faɗuwa, domin fitilar za ta yi fari fat, ba a ganin komai a ciki. Haka ake so. Ka share ta ka duba: in akwai wurare masu sheƙi kamar tsibirai, tsohon rufi ne bai fita ba, ka koma kansu. Wannan matakin farko shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne masu gaggawa ke ha'inta. Duk rawayan da aka bari a nan zai fito daga baya a ƙarƙashin sabon rufi.

Daga nan sai hawa: 1000, 1500, 2000, har 3000. Duk lokacin da ka canja lamba ka canja wajen gogawa, in da dama da hagu ne yanzu sama da ƙasa, don ka ga ko layukan sanfefar baya sun ɓace. Kada ka yi tsalle daga 600 zuwa 2000, mai laushi ba ta iya share zanen mai kaushi. Bayan 3000 sai man sheƙi, da hannu ko da inji. In da inji ne kada a tsaya wuri ɗaya, zafi yana ƙona robar.

Inda za ka tsaya a wannan hawan ya dogara da irin rufin da ka zaɓa, shi ne tambaya ta gaba.

Ta yi fes bayan gogewa. Me ya sa sai an ƙara shafa wani abu?

Domin sanfefa ta cire rufin masana'anta gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Abin da ke gabanka yanzu roba ce tsirara. A ranar Legas, cikin 'yan watanni za ta fara komawa rawaya, kuma wannan karon da sauri fiye da na farko. Mafi yawan masu gogewa a bakin titi a nan suke tsayawa, su karɓi kuɗinsu, mai mota ya tafi yana murna. Ba lallai mugunta ba ce, da yawa ba a taɓa koya musu sauran aikin ba. Amma ni a wurina fitilar da aka goge ba a rufe ba, ba a gama aikinta ba.

Rufi iri-iri ne. Mafi ɗorewa shi ne fenti marar launi irin wanda ake fesa wa jikin mota a ƙarshe, mai haɗin ruwa biyu, wanda ake rubuta 2K a gwangwaninsa. In an yi shi da kyau yana kai shekaru. Sharaɗinsa shi ne a tsayar da sanfefa a 600 ko 800, kada a sa man sheƙi, domin yana buƙatar ɗan kaushi ya kama. A goge da sifirit kaɗan a tsumma mai tsabta, a bari ta bushe sarai, a fesa na farko sama-sama, sannan a bi da biyu masu ɗan kauri. Farin nan zai ɓace a gaban idonka. In aka zuba shi da yawa tashi ɗaya yana gangarowa, yana kuma iya tsattsaga robar. Shawarata a kai wa mai fenti wannan aikin. Sinadarin da ke cikin hadina, wato ruwa na biyu da ake haɗawa don fentin ya yi tauri, yana cutar da huhu, yana jawo asma, kuma takunkumin takarda ba ya tare shi. Kada a fesa shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Na biyu shi ne ruwan kariyar UV na shafawa, wanda ke zuwa cikin kwalin kayan gyaran fitila. Shi ya fi dacewa da mai yi da kansa: ba feshi, ba hayaƙi mai yawa. Bai kai na farko ɗorewa ba, sai an riƙa sabunta shi, kuma a bi abin da aka rubuta a kwalin game da lambar sanfefar da za a tsaya a kai. Na uku leda ce mai kauri marar launi da ake mannawa, irin wadda ake kare fentin manyan motoci da ita. Tana tare rana, tana tare tsakuwa, in ta tsufa a ɓare a sa wata. Ga mai yawan tafiya Arewa ita na fi so, sai dai a tabbata fitilar ta yi sumul kafin a manna. Baƙar leda ko mai launi da samari ke sawa don ado, rage haske kawai take yi.

Man sheƙin jikin mota shi ne mafi rauni, na 'yan makonni ne.

Akwai lokacin da ya fi dacewa a yi aikin?

Ranar da ba hadari, da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Laimar damina, musamman a Yuni da Yuli, tana sa sabon rufi ya yi fari-fari. Ƙurar hunturu kuma tana manne masa kafin ya bushe. A yi a wuri mai rufi, kuma kada ruwa ya taɓa fitilar har kwana ɗaya.

Masu yi da buta mai tururi fa? Na ga aikinsu kamar sihiri.

Bayan sun yi sanfefa, suna dafa wani ruwan sinadari a ƙaramar buta ta lantarki, tururin ya narkar da fatar robar ta sake daskarewa sumul. Kyan gani kam ba a magana. Sai dai narkarwa daban, kariya daban: in ba a bi da rufin UV ba, rana za ta dawo ta ci. Yawan maimaita shi yana kawo tsagewa. Tururin kuma guba ne, ina jin tausayin yaran da ke shaƙarsa tun safe har yamma ba abin rufe hanci. In za a yi maka, ka matsa nesa, ka kuma nemi a rufe fitilar daga baya.

Fitilata tana gumi daga ciki in an yi ruwa. Ta lalace ke nan?

Ba lallai ba. Fitilar mota tana da ƙananan kafofin shan iska a bayanta. Ɗan hazo a kusurwa bayan ruwan sama ko wanki, wanda ke ɓacewa in ka kunna fitila ka yi tafiya, ba komai ba ne a gari mai laima irin wannan. Abin damuwa shi ne ɗigo-ɗigo da ke kwana, ko ruwa kwance a ƙasa.

Fara duba murfin bayan ƙwai. Sau da yawa mai wayarin ne ya manta bai mayar ba, ko ya yanka shi don fankar ƙwan LED ta samu wuri. In murfin lafiya, a nemi tsaga a jiki, ko inda gam ɗin da ya haɗa gaba da baya ya saki, abin da ya zama ruwan dare ga motar da ta taɓa gogar danfo, wato bas ɗin haya na Legas. A cire fitilar, a zare ƙwai, a busar da ita, a sake liƙe bakin da baƙin gam na fitila. Kada a toshe kafofin iska, kada kuma a huda ƙasanta da ƙusa, ƙura da ƙwari ne za su shiga. In ambaliya ta shanye gaban motar, kamar yadda kan faru a Lekki da wasu unguwanni, ruwan laka yana barin tabo a ciki, sai an buɗe. Wanda zai buɗe ya kiyayi madubin ciki mai sheƙi. Siririn alminiyam ne aka fesa, tsumma ɗaya zai share shi.

In sa ƙwai mai ƙarfi mana, ba sai na huta ba?

Ƙwan da yawancin motoci ke zuwa da shi wat 55 ne, irin da ake kira H4 kuma, mai haɗe da ful da dim a ƙwai ɗaya, 60 da 55. In ka sa mai wat 100, zafinsa yana ƙona soket da waya, yana dusar da madubin ciki. In ka sa farin LED a bayan dusashshiyar roba, gaban motar zai yi haske, nesa ta zauna a duhu, mai tahowa kuma ya makance. Ka fara gyara robar, sau da yawa za ka ga ƙwan da ke ciki ya wadatar. In za ka canja, ka canja biyun tare, kuma kada ka taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Hajiya ce ke tambaya: direbana ya ce a sayi wasu kawai a Ladipo. In yarda?

Hajiya, ki sa a yi gwajin ruwan nan tukuna. In a waje matsalar take, gyara ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma fitilar da motarki ta zo da ita yawanci ta fi ta kasuwa inganci. Saye yana zama dole in robar ta tsattsage ciki, madubin ya ƙone, ko kunnuwan da ake ɗaure ta da su sun karye.

In za a saya, akwai tokumbo ta asali da sabuwa ta kamfanonin kwaikwayo. A gwajin AAA ɗin nan, sabuwa ta asali ce kawai ta dawo da haske cikakke, na kwaikwayo suka tsaya tsakanin kashi 83 da 90. Masu arha sosai rufinsu ba ya daɗewa, araha ba ta ado. Tokumbo kuma a duba ko goge ta aka yi aka shafa mai don ta yi kyau a kanti. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma Ingila da Japan a hagu suke. Fitilar da aka ciro daga motar can tana ɗaga haskenta ta hagu, wato cikin idon masu tahowa. Ki sa a haɗa ta a haska bango kafin a biya. In layin hasken ya hau ta hagu, a mayar musu.

Bayan gyara, sai na yi saiti?

In an cire fitilar daga jikin mota, eh. Ka tsaya a wuri mai shimfiɗe, mita 10 daga bango, ka kunna dim. Layin saman hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar. Akwai sukurorin saiti a bayanta. Masu lodin kaya su tuna cewa in baya ya yi nauyi gaba yana ɗagawa, hasken ya tafi sama.

Jami'ai za su iya tare ni saboda wannan?

Fitilu suna cikin abin da ake dubawa a cibiyoyin gwajin mota na kwamfuta na jihar Legas, LACVIS, kafin a ba da takardar lafiyar mota. Jami'an VIO da FRSC kuma suna kama mota mai matacciyar fitila. Mai ido ɗaya ta fi kowacce haɗari, domin daga nesa babur ake ɗaukarta.

Me zan riƙa yi don kada ta sake dushewa?

Inuwa ita ce kan gaba. In ba gareji ko rumfa, ka juya gaban motar ya bar fuskantar rana, ko ka sa mata riga. Ka hana yaran wanki amfani da omo da soson ƙarfe ko soson buhu a kan fitila, sabulun mota da tsumma mai laushi sun isa. A lokacin hunturu kada a share ƙura a bushe, a fara watsa ruwa. Kashin tsuntsu da ƙwarin da suka mutu a kai bayan tafiyar dare a wanke su da wuri. Duk lokacin da za a shafa wa jikin mota man sheƙi, a haɗa da fitilun.

Sau nawa za a iya goge fitila ɗaya?

Robar tana da kaurin 'yan milimita, abin da sanfefa ke ci kuma kaɗan ne ƙwarai, saboda haka tana ɗaukar gogewa fiye da sau ɗaya. In rufin 2K ne ya tsufa, sai an kankare shi duka da 600 kafin a fesa sabo. In na shafawa ne kuma ka kama shi da wuri, tun rawaya bai fito ba, 2000 da 3000 sun isa, sannan a sake shafawa.